Tsohuwar mota ko sabuwa: wacce ta fi ga mai fara tseren kulob?

Sabon Shiga: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in shiga tseren kulob na 'yan sha'awa. An ce mini duk wanda ya fara da sabuwar mota ya zubar da kuɗinsa, wai tsohuwa irin Mazda MX-5 ta farko ko BMW E30 ita ke koya wa mutum tuƙi. Ni kuwa raina na kan Toyota GR86. Gaskiya ne, ko dai zancen dattawa ne?

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Gaskiya ne ƙanena, da tsohuwar zuma ake magani. Ka bar maganar ƙarfin inji, ka dubi nauyi. MX-5 da ta fito a 1989 ba ta kai kilo 1,000 ba, ƙarfinta doki 115 ne ko kusa da haka. GR86 ɗinka ta haura kilo 1,250, da doki 228. Duk lokacin da ka taka birki kafin kwana, wannan nauyin da wannan gudun zafi suke komawa a kan faifan birki, kuma idan gudu ya ninka biyu zafin huɗu yake ninkawa. Tayoyi ma haka suke ci. Mai ƙaramar mota sai ya yi tsere da yawa da tayoyin da kai za ka cinye a ɗan lokaci. Sannan mota mara ƙarfi ba ta rufa wa direba asiri. Ka ɓata kwana ɗaya, to har ƙarshen miƙaƙƙen titi kana kallon bayan mutane, babu totur ɗin da zai cece ka.

Ɗan Zamani: Baba, da girmanka, ka faɗi rabi ka bar rabi. Motar da ta haura shekara 30 fa ake magana. Tsatsa ta ci gindin bodi, robobin ƙafa sun bushe, tiyon lagireto ya yi laushi, wayoyin wuta na karyewa da an taɓa. Mai koyo lokacin tuƙi yake nema, ba kwanciya a ƙarƙashin mota ba. Kuma me ya sa ake raina ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki? Sabon direba ya danne birki taya ta kulle, nan take wuri ɗaya ya siɗe, motar ta dinga karkarwa, tayar ta tashi aiki ke nan. Ina arahar take?

Tsohon Direba: Sau ɗaya zai kulle ta ya koyi darasi. Wanda na'ura ke gyara wa kuskure, yaushe zai san ya yi kuskure?

Ɗan Zamani: Zai sani mana. Sabuwar mota tana ba da bayanan totur da birki da sitiyari, ya sauke a kwamfuta ya ga inda ya ɗaga ƙafa da wuri. Ku a zamaninku sai dai a yi ta musu a bakin shinge.

Mai Gareji: Ni da nake kwance su ina ɗaurawa, bari in sa baki. Kowacce da ciwonta. Tsohuwa, in ta zo hannuna, ba na tambayar me ya lalace, duk wani tiyo da roba da famfon ruwa sabo nake sawa, in zuba man birki mai jure zafi. Aiki ne mai yawa amma sau ɗaya ne, kuma da sifana ake yinsa. BMW E46 ma an san ta da tsagewar ƙarfen bodi a inda ƙafafun baya suke ɗaure, shi ya sa masu tsere ke yi wa wurin walda tun kafin ya tsage.

Sabuwa kuwa da kwamfuta ake faɗa. Tun motocin 2012 doka ta wajabta na'urar hana mota zamewa a Amurka, Turai kuma ta wajabta wa duk sabuwar mota a 2014, kuma na'urorin nan duk a haɗe suke, suna magana da juna. Ka cire kujeru da jakar iska don a saka kejin ƙarfe mai kare direba, fitilun gargaɗi su cika maka gaba. Wata ma da ta ji zafi ya yi yawa sai ta rage wa kanta ƙarfi ana tsakiyar tsere. Ita GR86 ɗin, masu kai ta fili da yawa sun koka cewa matsin baƙin mai na sauka a doguwar kwanar dama, saboda man yana taruwa gefe guda. Mota ce mai kyau, amma kada ka ɗauka daga shago sai fili.

Hajiya Mai Agogo: Malamai, duk kun tsallake tambayar farko: da wa zai yi tseren? Mu da muke zaune wurin ɗaukar lokaci mun sha ganin mutum ya zo da mota mai tsada, a duba a ga shi kaɗai ne a ajinsa. Ya zagaya, ya zagaya, a ba shi kofi, bai wuce kowa ba. Abin da ya ɗaukaka MX-5 a Amurka shi ne ajin Spec Miata (Miata sunan MX-5 ne a can), na motocin 1990 zuwa 2005, inda ake ƙayyade nauyi kuma a rage wa masu babban inji iska don kowa ya zo daidai. Akwai Spec E30, akwai Spec Boxster. A Ingila Caterham Academy tun 1995 take ɗaukar waɗanda ba su taɓa tsere ba, a sabuwar mota mai tsohon fasali, don asalinta Lotus Seven ce ta 1957. To wannan a wane ɓangare za ku sa ta? Ƙanena, ka nemi sakamakon kulob ɗinka na bara, ka ƙirga motocin da ke kowane aji tukuna.

Ɗan Zamani: Hajiya na yarda da wannan, amma GR86 ma tana da gasarta, GR Cup, da aka fara a Amurka a 2023. Kuma maganar rai fa? Bodin sabuwar mota ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Hajiya Mai Agogo: Waccan gasar ta masu tawaga ce da masu ɗaukar nauyi, ba ta mai jawo motarsa da kansa ba. Batun bodi gaskiyarka ne a kan titi. A fili kuwa keji ne, da kujerar tsere, da bel, da hular kwano, da abin riƙe wuya na HANS, wanda hukumar tseren motoci ta NASCAR a Amurka ta wajabta irinsa a 2001 bayan mutuwar direba Dale Earnhardt a tseren Daytona. Bel mai shaidar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, shekara 5 ne wa'adinsa, ko a wace mota aka ɗaura shi.

Tsohon Direba: Ga kuma abin da ba a son faɗa: inshorar titi ba ta biyan ɓarnar tsere. In ba za ka iya kallon motarka a jikin shinge ka koma gida ka yi barci ba, ba ita ce motar tserenka ba.

Ɗan Zamani: Wannan hujjar aljihu ce Baba, ba ta mota ba. Har yanzu ba wanda ya nuna mini tsohuwa ta fi.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai. Na duba, ajin MX-5 ne ya fi cika a wurinmu. Akwai wadda ake sayarwa da kejinta a ciki. Me zan duba?

Mai Gareji: Ka nemi littafin tserenta, nan ake rubuta duk karon da ta yi. Ka sa fitila ka bi waldar kejin gaɓa-gaɓa har ta saman da ke jikin rufi, don nan malalacin mai walda yake tsallakewa. Ka duba kwanan watan bel da kujera. Sannan ka zauna ciki da hular kwano a kanka, in kanka na taɓa ƙarfe ka bar musu abarsu.