Musayar Waƙa: Me Ke Korar Matasa Daga Ofis?

Alhajin Wuse
Salamu alaikum, masu riƙon ma'aikata,
Ga wata tambaya, mai sani ya warware ta.
Matashi ya zo da digiri, hannunsa da kaifi,
Wata 6 bai cika ba, takardar barin aiki ya rubuta.
Ba a zage shi ba, albashi bai makara ba,
Me ke korar su, kujera ta kwana ba mai ita?

Hajiyar Kubwa
Alhaji, ranka ya daɗe, fara da lissafin hanya,
Yaron ba a Maitama cikin garin Abuja yake kwana ba, yana Nyanya,
Ko Mararaba, ya fito tun da sanyin safiya,
Cunkoso ya cinye masa awa kafin ya ga mahaɗar AYA.
Tun da aka janye tallafin mai a 2023,
Mota ke cin albashi kafin tukunya ta ga miya.
Mafi ƙarancin albashi 70,000 ne tun 2024,
Ɗan bautar ƙasa 77,000 yake karɓa daga tarayya.
Ka ba mai digiri ƙasa da alawus ɗinsa na jiya,
Tun ranar da ya shigo, zuciyarsa na kan tafiya.
Ware masa kuɗin mota daban da albashi,
Ko a mako ya yi aiki daga gida rana ɗaya.

Malam Na-Garki
Hajiya, kin yi gaskiya, amma kuɗi rabin zancen ne,
Ɗan shekara 25 so yake ya san gabansa ina ne.
Dokar ƙwadago ta ce cikin wata 3, a rubuce,
A ba shi sharuɗɗa: aiki, albashi, hutu nawa ne.
Masu yi da baki kawai, rigimarsu daga nan ne.
Makon farko ku zauna, minti 30 isasshe ne,
Ka ce: nan da shekara 2, kana son zama wane ne?
Wani akanta, wani kwamfuta, wani burinsa shagon kansa ne.
Ku rubuta abu 3 da zai cim ma, kowanne da rana,
Duk wata 3 a buɗe, a ga an cika ko da saura ne.
Wanda aka ce wa "yi haƙuri" ba mataki ba lokaci,
Gangar jikinsa na ofis, hankalinsa a waje ne.

Anti Lugbe
Baba Malam, a ƙara da halin shugabanni,
An ɗauko mai lissafi an mai da shi ɗan aiken burodi da magani.
Saƙon WhatsApp ƙarfe 11 na dare, ba gaggawa,
Gyara kuma sai a gaban jama'a, da raini.
Kira shi gefe, ka nuna kuskuren da yadda ake yi,
In ya yi daidai, ka ambaci sunansa a taron Litini.
Fansho kuma: 8 cikin 100 nasa, 10 na kamfani,
A tura cikin ranakun aiki 7 bayan biyan albashi, yana duba wayarsa, ya sani.

Alhajin Wuse
Na ji, amma in na kashe kuɗi na horar da yaro,
Banki ya ɗauke shi, wa zai biya ni asarar horo?

Yayan Utako
Alhaji, kar wannan ya hana ka koyarwa,
ITF, hukumar asusun horo ta tarayya, na nan, a Jos hedikwatarta ke zaunawa,
Tun 1971 horar da ma'aikata take ɗaukar ɗawainiyar tallafawa.
Kamfanin da doka ta hau, 1 cikin 100 na albashi yake zubawa,
In ya yi horon da ta amince, har rabin abin da ya zuba ana iya maidowa,
Sai dai a nemi amincewa tun kafin farawa,
A adana rasit da sunayen mahalarta, nan da yawa ke faɗuwa.
Kwas mai tsada kuwa, ku yi yarjejeniyar tsayawa:
Shekara 1 bayan kammalawa, ko ya biya saura in zai wucewa,
Ku sa hannu kafin ya shiga aji, ba bayan ya gama karantawa.