Me za mu kira "immunotherapy" da Hausa?

Jama'a, ina neman taimakonku. Ina fassara wani bayani kan ciwon daji da za a karanta a rediyo nan Gombe, sai na tsaya cak a kan kalmar immunotherapy, wato jinyar da ke sa garkuwar jikin majinyaci ta yaƙi ciwon da kanta. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne "maganin ƙara garkuwar jiki", kuma nan take na ƙi shi. Wannan ita ce maganar da masu tallan magani suke yi da lasifika a tasha. Idan goggona da ke fama da sankarar mama ta ji haka, za ta ɗauka garin da ake sayarwa a kwalba ne likita yake nufi.

Kuma ma'anar ba ta zauna ba. Garkuwa tarewa take yi, ba ta bin abokin gaba. Fararen ƙwayoyin jinin da ake kira T kuwa yawo suke cikin jiki, suna shinshina kowace ƙwaya, wadda ta lalace su kashe ta. Dakaru ne. Shi ya sa na fi karkata ga "jinya da dakarun jiki".

Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta ce mini: "Malam, mutane sun saba da garkuwa tun zamanin faɗakarwa kan ƙanjamau, kada ka rikita su." Gaskiyarki, Hajiya. Mu bar garkuwa ga tsarin gaba ɗaya, dakaru kuma su zama ƙwayoyin da ke cikinsa.

Inda na fi jin daɗi shi ne nau'in da James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan suka ci kyautar Nobel a kansa a 2018. Sun gano cewa dakarun nan suna da abin da ke tsayar da su don kada su afka wa jikin mai su, kuma ciwon daji yana amfani da wannan ya hana su motsi. Maganin ba ya ƙara musu ƙarfi, sakinsu yake yi. Duk wanda ya taɓa ganin doki a turke ya san sunan wannan: dabaibayi. Sai mu ce "maganin kwance dabaibayi". Har haɗarinsa yana cikin kalmar, domin dokin da aka kwance yana iya tattake gonar mai shi, kuma haka dakarun kan far wa hanji ko fata ko huhu.

Saura CAR-T, wanda Amurka ta amince da shi a 2017 don wani nau'in sankarar jini a yara da matasa, Indiya kuma ta amince da nata a 2023. Ana ɗebo dakarun daga jinin majinyaci, a ɗakin bincike a sa musu umarnin gane ciwon a cikin ƙwayar gadonsu, a yawaita su, a mayar masa. Na rubuta "ƙerarrun dakaru", sai wani dattijo ya ce: "Ɗana, ɗan Adam ba ya ƙera rai." Na karɓa, Baba. Na mayar da shi "horarrun dakaru", ko da yake horo bai nuna cewa an taɓa ƙwayar gadonsu ba, kuma wannan yana damuna. Mutanen Bauchi, Azare, Kaltungo, wa ke da kalmar da ta fi wannan? Ranar Alhamis za mu ɗauki shirin.