Sujadar ranar Alhamis: magani ce ko ba magani ba?

Bitrus: Salama 'yan'uwa. Abin da ake yi ran Alhamis ya ishe ni. Fada zai keto laka da babur, ya fito da Jikin Kristi ya ɗora a kan bagadi, amma 'yan coci ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ranar kasuwa kuwa kowa da ƙafarsa. Sa'a ɗaya tak Yesu ya roƙa a Getsamani, ku duba Matiyu 26:40. Kuma zaman nan magani ne: yana sauke hawan jini, yana kawo barci. Mun bar na kyauta muna bin na kuɗi.

Malama Rifkatu: Yaya Bitrus, don Allah ka janye kalmar magani, ana karanta wa tsofaffinmu saƙonnin nan. Wanda awonsa ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama, aka ɗora shi a kan ƙwaya irin su amlodipine, kullum zai sha ta, ko yana jin ciwon kai ko ba ya ji. Gaskiya ne in mutum ya zauna shiru, numfashinsa ya daidaita, awo yakan ɗan sauka, shi ya sa ake zaunar da mutum minti 5 kafin a ɗaura masa abin awo. Amma yana tashi ya koma gona, jinin zai koma inda yake. Ya ajiye ƙwaya, ƙarshenta shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda.

Bitrus: Ni ban ce kowa ya ajiye ƙwaya ba. Ke dai kin fi yarda da asibiti.

Yohanna: Ba asibiti ba ne kaɗai matsalar. A wurin mutanenmu in ka ce magani, laya ce da abin da boka ke ƙullawa. Iyayenmu sun bar wannan da ƙyar. Ka kira Sakramenti, wato Jikin Kristi, da sunan nan, gobe wani zai nemi a gutsura masa ya kai gida ya binne a bakin rumbu.

Baba Katakis: Ku bi a hankali. Kalmar ba Bitrus ya ƙirƙiro ta ba. Waliyyi Ignatiyus na Antakiya, a farkon ƙarni na 2, ya kira Yukaristi, wato Jikin Kristi da ake karɓa a Misa, maganin rashin mutuwa a wasiƙarsa zuwa ga Afisawa. Sai dai shi maganar karɓa yake yi, kuma rai madawwami yake nufi, ba awon jini ba. Muna durƙusawa ne domin Yesu da kansa yana wurin, haka babban taron Coci na Trent ya tabbatar a 1551. Amfanin sujada na fari tuba ne, da natsuwar da mutum zai ji laifinsa har ya nemi ikirari, da ƙarfin yafe wa ɗan'uwa. In barci ya zo daga baya, kyautar Allah ce, ba alkawari ba.

Bitrus: To kun ji, waliyyi ma ya ce magani.

Malama Rifkatu: Ka ɗauki rabin maganar Baba ka bar rabi.

Markus: Ni tambayata daban. In Fada bai samu zuwa ba, me ya hana Baba Katakis ya fito mana da Sakramenti? Mabuɗi ba a hannunku yake ba, Baba?

Baba Katakis: Ɗana, riƙe mabuɗi ba izini ba ne. Dokar Coci ta 1983, sashe na 943: Fada ko dikon ne ke fitarwa ya sa albarka da shi. Wanda aka ba izinin raba Jibi, ko wanda Bishop ya naɗa, yana iya fitarwa ya mayar, amma ba zai ɗaga shi ya sa wa jama'a albarka ba, ba zai yafa mayafin kafaɗa ba. Mu a ƙarƙashin Bishop na Kano muke, mu da Jigawa duka, daga can izini ke fitowa ta hannun Fada. Kuma kafin a ajiye Sakramenti a cocin ƙauye sai an cika sharuɗɗa: akwatin ajiyarsa ya zama mai ƙarfi, kafaffe, ba a ganin cikinsa, a kulle, fitila tana ci a gabansa dare da rana, akwai mai kula, Fada kuma yana yin Misa a wurin aƙalla sau 2 a wata in da hali. A watan Agusta abin ya fi wuya. Gurasar alkama ce zalla, danshi na shiga ta yi laushi ta fara fumfuna, kiyashi kuma na bin ta in murfi bai zauna daidai ba. Dole a riƙa sabuntawa, Fada ya cinye tsohuwar a Misa.

Markus: To me ya sa mabuɗin kullum a gida ɗaya yake kwana?

Mama Talatu: Markus, ka ji kunya, Baba sa'anka ne? Ni da Bitrus nake. Ka ce ba ma zuwa. Ƙarfe 4 na yamma da damina, mace ta dawo daga gona, ga ruwa ga tuwon dare, wa ya sa wannan lokaci? Kuma kyandir 6 da ake kunnawa daga asusun Zumuntar Mata suke fitowa, har da garwashin turare. Maza nawa suka taɓa sa hannu?

Markus: Ai 6 ɗin ma ɓarna ce, Mama, 2 sun isa.

Baba Katakis: Ba haka ba ne. Ƙa'idar Coci ta 1973 ta ce in an saka Sakramenti a monstrans, mai gilashin nan da ake ganinsa, kyandir 4 zuwa 6 ne, da turare. Guda 2 sai in a rufaffen ƙoƙonsa aka fito da shi. Kuma ba a barin sa shi kaɗai ko na minti ɗaya. In mutane sun watse, a mayar da shi a kulle. Don haka a rubuta sunaye, mutum bibbiyu kowane rabin sa'a, kada wani ya fita sai mai canjinsa ya shigo.

Ladi: Gwiwa ɗaya ake kaiwa ƙasa ko biyu? An tsawata wa yara a kan haka.

Baba Katakis: Ƙa'idar nan ta 1973 ta ce ɗaya ta isa, biyu al'adar dā ce kuma ba laifi. Tsoho mai ciwon gwiwa ya zauna a benci, kada ya ƙwari kansa a kan siminti.

Mama Talatu: Har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar lokaci.

Bitrus: Ni ma ba wanda ya amsa mini me ya sa coci ba kowa.

Yohanna (mai kula da zaure): Zan rufe haka nan. Abin da aka tsayar: kalmar magani ba ta dace ba, kamar yadda ni da Malama Rifkatu muka nuna, Baba Katakis kuma ya goyi bayanmu, don haka Bitrus ya goge saƙonsa na farko. Mai hawan jini ya ci gaba da shan ƙwayarsa. Maganar mabuɗi ba ta nan ba ce, Markus ya je ya ba Baba haƙuri. Sujada tana nan ran Alhamis ƙarfe 4 yadda aka saba, a kawo sunaye bibbiyu kafin Lahadi.