Agaji jama'a: idan equality daidaito ce, equity fa?

Maman Hanifa:
Salamu alaikum. Gobe Alhamis ƙarfe 8 na dare ina da shiri a rediyo kan rabon guraben karatu da muƙaman gwamnati. Baƙona malamin jami'a ne, ya aiko min da abin da zai faɗa, rabinsa Turanci, kuma duk maganar ta rataya ne a kan bambancin equality da equity. Ta farko na sa mata daidaito, ba gardama. Ta biyun ce ta maƙale min. Da na rubuta adalci sai ga justice a layi na gaba, ita ma adalci. Masu saurarona 'yan kasuwa ne da direbobi da matan gida, ba zan zauna ina yi musu Turanci ba. Me zan ce?

Malam Na-Gwale:
Wa alaikumus salam Hajiya. Raba daidai. Ai haka 'yan jarida ke kiran hukumar tarayyar nan mai sa ido kan rabon muƙamai tsakanin jihohi.

Ɗan Damagaram:
Allah gafarta Malam, raba daidai ai komawa kan ta farkon ce. Mu ma nan Nijar haka égalité da équité ke ba mu wuya. Masu fassara a rediyo sukan ce adalci su wuce, ba mai tuhumarsu.

Ɗalibin Falsafa:
Anti, kafin a zaɓi kalma a duba abin da kansa. A Majalisar Dattawa kowace jiha sanata 3 take da su, Kano 3, Bayelsa 3. Wannan daidaito ne tsantsa. A Majalisar Wakilai kuwa Kano na da kujeru 24, Bayelsa 5, saboda an duba yawan jama'a. To wannan na biyun muke nema wa suna. Aristotal, masanin falsafar Girka na dā, ya daɗe da rarrabe su: ya ce adalci a rabo shi ne a ba waɗanda suke daidai abu daidai, waɗanda suka bambanta kuma a ba su gwargwadon bambancinsu. Ya kuma ce doka a dunƙule take magana, ba za ta hango halin kowane mutum ba, don haka akwai wurin da bin harafinta zai zama cuta, sai an gyara mata zama. Ko a gida uwa ba ta ba ɗan yaye malmalar tuwon da take ba wanda ya wuni a gona da garma, kuma ba wanda zai ce ta yi son kai.

Baba Tsohon Hedimasta:
Yaro ka faɗi kalmar da bakinka ba ka lura ba. Gwargwado. A ƙara mata ɗafa-ƙeya kamar yadda aka yi wa mutum aka sami mutunci, aka yi wa shugaba aka sami shugabanci: GWARGWADONCI. Hausa ce tsantsa, ba aro, ba roƙo. Hajiya rubuta ki je ki kwanta. Daidaito da gwargwadonci, har kunne ma ya ji daɗinsu tare. Bahaushe da ya ce daidai ruwa daidai tsaki ai gwargwadonci yake nufi tun kafin Bature ya zo.

Malam Na-Gwale:
Baba, da girmanka, me ya kai mu ƙirƙira alhali akwai insafi? Daga nisfu take, wato rabi, ka ba ɗan'uwanka rabinsa kamar yadda kake so a ba ka naka. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji ta.

Baba Tsohon Hedimasta:
Ka ji matsalarmu ke nan. Da an rasa kalma sai a ruga Larabci ko Turanci kamar ba mu da uwa a gida. Adalci aro, haƙƙi aro, hukunci aro, shari'a aro. Wato kafin zuwan littattafai Bahaushe bai san an cuce shi ba? Ni dai ba zan yarda a ƙara mana wani bashin ba. Gwargwadonci.

Ɗan Damagaram:
Baba, hedimasta fa? Daga wane ƙauyen Hausa ta fito?

Baba Tsohon Hedimasta:
Wannan laƙabi ne aka sa min, ban zaɓa ba. Kuma kai da kuke ce wa makaranta lakwal ba ka da bakin magana.

Basakkwace:
Tunda ana batun Hausa tsantsa, ni ma ina da ƙorafi. Wa ya yanke cewa 'yanci ce kalmar kowa? Mu ɗiyauci muka gada, daga ɗiya, kishiyar bawa. An ɗauki Kananci an ce shi ne daidaitacciyar Hausa, namu ya koma "karin harshe". In ana neman misalin rashin adalci ga shi nan cikin bakinmu.

Ɗan Damagaram:
Ka ga ko rubutun ma ba mu daidaita ba, mu ƴanci muke rubutawa da y mai lanƙwasa, ku kuna ɗora mata waƙafi a ka. Amma kalma guda ta taɓa haɗa mu ba tare da kwamiti ba: sawaba. Su Malam Aminu Kano sun ɗaga ta a jam'iyyar NEPU tun 1950, Djibo Bakary ya sa wa jam'iyyarsa ita a nan. Talaka ya gane ta nan take don daga bakinsa aka ɗauko ta.

Malam Na-Gwale:
Sawaba ma Larabci ce, a gaya wa Baba.

Maman Hanifa:
Don Allah iyayena da yayyena, ni fa gobe ne shirin. Ba Kananci da Sakkwatanci na tambaya ba. Baba, na gwada kalmarka yanzu a kan direban tasharmu, yana zaune bakin ƙofa yana shan shayi. Na ce masa, ka san gwargwadonci? Ya ajiye kofi ya yi shiru, can ya ce, "Hajiya wane yare ne kuma wannan, a Filato suke?" Ya ɗauka irin su Turanci ne da Fulatanci. Insafi kuwa ya ce ya taɓa ji a wa'azi amma ba zai rantse kan ma'anarta ba.

Baba Tsohon Hedimasta:
Direba ɗaya ba shi ne Hausawa ba. Kowace kalma sabuwa ce ranar da aka fara faɗinta. Ki faɗe ta sau uku a rediyo ki gani in ba a kama ba.

Barista:
Ranku ya daɗe, bari in ɓata muku lissafi kaɗan. Kalmar equity ɗin nan ba abu guda take nufi ba ko a Turancin. A wurinmu lauyoyi wani reshe ne na dokar Ingila, wanda ya taso daga kotun da mutane ke kai kuka idan dokar gama-gari ta yi musu tsauri, kuma Najeriya ta gaje shi tare da sauran dokokin da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairun 1900. Har yau idan kotu za ta auna wata al'ada, tana duba ko ta ci karo da wannan. A can sassauci ko rangwame ya fi kusa, wasu ma kan kwatanta shi da istihsani na malaman fiƙihu. A banki kuma kalmar hannun jari take nufi. Gwargwadonci ba za ta ɗauki ukun ba, insafi ma haka. Hajiya ta nemi wadda za ta yi mata aikin gobe kawai.

Amma ga abin da ya fi damuna. Kada ki ce adalci. Tsarin shiga jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 cikin 100 ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a karatun boko. Yaron Yobe da ya shiga ta kashi 20 ɗin nan zai ce an yi adalci, don makarantar da ya fito ko malamin lissafi ba ta da shi. Yarinyar Anambra da ta fi shi maki aka bar ta a gida za ta ce an zalunce ta, kuma sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 da ya hana nuna bambanci saboda asali yana hannunta, kamar yadda sashe na 14 mai batun damawa da kowace jiha yake hannunsa. Wannan ita ce gardamar da shirinki zai yi. In kika sa wa tsarin suna adalci tun a gabatarwa, kin yanke hukunci kafin a buɗe layin waya.

Ɗalibin Falsafa:
Barista ya gama magana. Haka nake ji da haƙƙi da 'yanci ma, ana cakuɗa su. 'Yanci sakin mara ne. Haƙƙi kuwa sai da wanda zai sauke shi, shi ya sa muke cewa haƙƙin wani ya hau kanka, ko ka ɗauki alhakinsa. Yarinyar da yaron duk haƙƙi suke nema, tambayar ita ce a wuyan wa yake.

Malam Na-Gwale:
To a ce rabon gwargwado. Ba ta yabi tsarin ba, ba ta kushe shi ba, ta faɗi yadda ake rabon ne kawai. Ni dai har yanzu insafi ta fi min nauyi a baki, amma tunda direba bai gane ba, shi ke nan.

Basakkwace:
Gwargwadon me? Buƙata, ko ƙoƙari, ko yawan jama'a? Kun dai tura rigimar gaba.

Barista:
Ai gara haka. Baƙon ya zo ya faɗi gwargwadon me, aikinsa ke nan.

Maman Hanifa:
Alhamdu lillahi. Ga abin da na rubuta: daidaito, a ba kowa iri ɗaya, rabon gwargwado, a duba halin kowa kafin a ba shi, adalci kuma na bar ta a matsayin abin da ɓangarorin biyu ke iƙirarin suna nema. Allah ya saka da alheri.

Ɗalibin Falsafa:
Anti, in baƙon ya ambaci masanin falsafa John Rawls da littafinsa na 1971 kan adalci zai kawo fairness, ita ma sai an nema mata gida.

Maman Hanifa:
Ƙanena, rufa min asiri. In ya kawo ta shi zai fassara abarsa.

Baba Tsohon Hedimasta:
Kun ɗauki gwargwadona kun yanke mata wutsiya kun ce Malam ne ya kawo. Ba komai. Kalma biyu inda ɗaya za ta isa. Hajiya, in wani ya bugo waya ya nemi a taƙaita masa, kin dai san abin da za ki ce, kuma ina nan zan kunna rediyon.