Wai modem ɗin USB da Ubuntu sun yi hannun riga?

Sadiq Kawo: Salam jama'a. Na sa Ubuntu, wato wani nau'in Linux, a madadin Windows a desktop ɗin shagonmu, na soka modem ɗina Huawei E3372 da ke aiki lafiya lau a Windows, shiru kake ji, sai wani faifan CD kawai ya fito a allo. Wani mai gyara a kasuwa ya ce wai modem ba ya shiri da Ubuntu sam, in mayar da Windows in huta. Haka ne?

Malam Nura: Gaskiya ya faɗa maka. software ɗin da ke ciki .exe ne, don Windows aka yi shi. kar ka ɓata ranarka

Hajara Barnawa: Malam Nura da girmanka amma ban yarda ba wlh. Wannan CD ɗin ai modem ɗin ne da kansa, haka aka ƙera su, yana fara zuwa a matsayin faifai don Windows ya kwashi direba a ciki sannan direban ya juya shi ya koma modem, a Linux kuma wata manhaja mai suna usb_modeswitch ke wannan juyin kuma yana zuwa da Ubuntu, wani lokacin dai ba ya kamawa musamman in modem na soke aka kunna kwamfutar. Sadiq buɗe terminal, wurin rubuta umarni, ka rubuta lsusb ya jero maka na'urorin USB da ke soke, nemi layin da ke da 12d1, lambar Huawei kenan

Sadiq Kawo: 12d1:1f01 na gani

Hajara Barnawa: Yauwa, yana nan a faifai bai juya ba. Rubuta sudo usb_modeswitch -v 12d1 -p 1f01 -J, in ka sake lsusb ya koma 14db ko 14dc to an gama

Malam Nura: Kun ji fa! mutum na son tura aiki ana sa shi karatun allo

Baba Idi Rigasa: Ku yara duk kun bar jaki kuna dukan taiki. A wane rami ka soka shi, na gaba ko na baya? Na gaban CPU sau da yawa wutarsa ba ta isa, ni nawa haka ya riƙa ɗaukewa yana dawowa har na kusa jefar da shi a kwata

Sadiq Kawo: Na gaba ne Baba. Na mayar baya, na rubuta abin Anti Hajara, ya koma 14dc amma ban ga Mobile Broadband ba, sai ya ce min wired connection

Hajara Barnawa: Daidai ne, irin naka HiLink ne, kamar waya ta LAN yake zuwa, ba ruwanka da buga lambar haɗi ta *99#. Shiga 192.168.8.1 a burauza ka duba APN, wato saitin intanet na layinka, da ko SIM na neman PIN

Sadiq Kawo: Allah ya biya, ya hau! fitilar ta tsaya cak ta daina ƙyaftawa

Baba Idi Rigasa: Ramin baya ne ya yi aikin

Hajara Barnawa: Baba ramin baya ba ya canza 1f01 fa

Malam Nura: Ni dai gobe in NEPA ta ɗauke ka sake kunnawa ka dawo ka ba mu labari