Faifai Ɗaya, Zama Ɗaya: Musayar Baitoci Kan Tsoffin Kundayen Kiɗa

Baffa Mai Garmaho, Kano

Jama'a, sallama. Sharaɗin yana nan yadda muka yi shi: kowa ya ɗauki kundi ɗaya cikin tsoffin da duniya ta yarda da su, ya saurare shi daga farko har ƙarshe, ba tsallake, ba taɓa waya, sannan ya zo ya faɗi abin da ya ji a baiti. Ni Kind of Blue na Miles Davis na ɗauka.

Da sunan Rabbana zan buɗe baki,
Shi ya yi kunne, ya ba shi jiyowa.

Salati ga Manzo, alaye da sahabbai,
Sannan in kama zancen da ke tafowa.

A New York aka naɗe shi, 1959,
Zama biyu suka yi, aiki ya kai ƙarewa.

Kiɗa biyar ne a cikinsa, ba ƙari,
Kuma babu mawaƙi guda mai rerawa.

Miles ba ya garaje in ya ɗauki ƙaho,
Ya busa kaɗan, ya bar shiru na ratsawa.

Inda wani zai zuba sauti ashirin,
Uku yake sawa, ukun na wadatarwa.

Coltrane in ya karɓa sai ambaliya,
Yana hawa, yana hawa, ba waiwayowa.

Cannonball ya shigo da fara'arsa,
Shi ke sa kafaɗa ta soma rausayawa.

Bill Evans na taɓa fiyano a sannu,
Kamar mai tsoron jinjiri ya yi farkawa.

Kiɗa na uku shi ya kama ni, 'ya'yana,
Na tuna abokan da ƙasa ta gama rufewa.

Ba wanda ya ce mini ga wanda zan tuna,
Ƙaho ya buɗe ƙofa, su suka yi ta shigowa.

Autan Zaure, Kaduna

Baffa, ranka ya daɗe, na bi sawunka,
Na ji shi duka, ko ɗaya ban tsallake ba.

Ina ta jiran mai waƙa ya gyara murya,
Faifai ya ƙare, shi kuwa bai zo ba.

Mu da waƙar Shata aka yaye mu,
Ba mu saba jin kiɗa babu zance ba.

Gwanaye ne, wannan kam na sallama,
Amma gwaninta kaɗai ba ta riƙe ni ba.

Ni Thriller na ɗauka, na 1982,
Waƙa tara, ban ga ta zubarwa ba.

Quincy Jones ya tsara, Michael ya rera,
Ba su bar ƙwayar sauti ta tafi a banza ba.

Gangar Billie Jean tana faɗowa,
Ƙafata ta amsa, ba ta jira izinina ba.

Da jitar Van Halen ta tsaga Beat It,
Ban san sanda na miƙe tsaye ba.

To Baffa, kiɗan da ba ya ta da zaune,
Kuma bai bar maka kalma ɗaya ba,

Me za ka rera in ka tashi da safe?
Ni dai ban tashi da komai a baki ba.

Malam Na Tudun Wada, Zariya

Auta, zancenka ya ban mamaki,
Kai da ka sha ganin hawan sarki.

Ran sallah in an busa kakaki,
Wa ke rera masa waƙa da baki?

Algaita na kuka a gaban doki,
Kowa ya gane kirarin da ke ciki.

A dandalin dambe, kafin a soma aiki,
Kalangu kan kira ɗan dambe, ya ji a jiki.

Takensa kawai aka kaɗa, ya taso kamar zaki,
Tsuma ta kama shi, ba mai taka masa birki.

Koma ka ji farkon faifan Baffa a ɗaki,
Babbar tsirkiya ke jan baiti daga ciki,

Masu busa su karɓe da sauti biyu, ba raki,
Jagora da 'yan amshi ke nan, irin na gidan biki.

'Yar Damagaram

Ni Masar na nufa. Inta Umri ta Ummu Kulsum, 1964, wadda Muhammad Abdulwahab ya yi wa kiɗa. Waƙa ɗaya ce tak, amma ita kaɗai ta cika faifai.

Ƙanena Auta, kai mai jiran murya,
Da nan ka zo, da ka sha jira, ba ƙarya,
Masu goge sun jeru suna ta share hanya,
Jita ta shigo, ganga ta biyo baya,
Minti na bin minti, shiru ba sarauniya.

Da ta buɗe baki sai zauren ya juya,
Ihun jama'a ya tashi da murya ɗaya,
Ta maimaita ɗango, ta bi da shi wata hanya,
Suka roƙa ta ƙara, ta ƙara ba gajiya,
Kowane maimaici daban yake da na baya.

Alhamis ta farkon wata takan shirya,
Rediyon Alƙahira ya kai ta har Siriya,
Masu shayi su ƙure sauti, a taru wuri ɗaya,
Da ta rasu, 1975, aka toshe kowace hanya,
Miliyoyi a bayan gawa, yara da manya.

Larabcin Masar ne, ba na Islamiyya,
Kalma nan, kalma can nake tsinta da wuya,
Amma na ji mace ce da so ya sa ta jinya,
Rayuwarta kafin masoyi, ta ce, asara ce gaba ɗaya,
Ni ma na san wannan, sai dai in yi shiru don kunya.

Ɗan Sabon Zango, Akra

Gaisuwa ga manya. Ku yafe mini, biyu na haɗa, don 1977 ta ɗaure su tare: Zombie na Fela da Exodus na Bob Marley.

Tony Allen ya zauna a bayan ganguna,
Hannu biyu, ƙafa biyu, duka huɗun da aikinsu.

Jitoci na saƙa, ƙahoni na sara,
An yi nisa kafin Fela ya sa baki a kansu.

Da ya fara, soja ya sa a gaba,
Masu bin umarni, ba tambaya a bakinsu.

A ce tafi su tafi, a ce tsaya su tsaya,
Matan amshi na maimaita sunan da ya ba su.

Auta, ga waƙar da ke ta da zaune,
Ta ta da barikin Legas har manyansu.

Fabrairun 1977 suka dira Kalakuta, gidan Fela,
Wajen soja dubu, da makamai a hannunsu.

Suka ƙone gidan, suka lalata kayan kiɗa,
Maza da mata ba wanda ya tsira daga dukansu.

Mahaifiyarsa Funmilayo, tsohuwa mai daraja,
Wadda ta tsaya wa matan Abekuta kan harajinsu,

Ta taga suka jefo ta daga bene,
Ta rasu 1978, alhakinta na wuyansu.

A 1978 ɗin Fela ya kaɗa waƙar a nan Akra,
Rikici ya tashi, hukuma ta kore su.

Shi kuwa Marley, Disambar 1976,
'Yan bindiga suka iske shi a Kingston, har gidansu.

Harsashi ya same shi, ya sami matarsa Rita,
Bayan kwana biyu ya hau dandali a garinsu.

Sannan ya tafi Landan ya naɗi Exodus,
Shi da Wailers, nesa da tsibirinsu.

Fuskar farko gargaɗi ne da kashedi,
Juya faifan, ga soyayya, ga tsuntsaye da waƙarsu.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan, Baffa,
An harbi mutum, ya bar wa Allah hukuncinsu.

Fela kuwa akwatin gawa ya kai barikin Dodan,
Ya ajiye wa masu mulki a ƙofarsu.

Ban ce ga wanda ya fi daidai ba,
Amma ni Fela jinina ya bi a cikinsu.

Malamar Firamare, Gusau

What's Going On na Marvin Gaye, 1971. Ku yi haƙuri da ni, wannan ya taɓa gida.

Frankie, ƙanin Marvin, ya dawo daga yaƙin Vietnam,
Ya zauna ya ba wansa labarin da ya dame shi.

Marvin ya ari idon sojan da ya dawo,
Ya dubi Amurka yadda ta tarbe shi.

Ba aiki, kaya sun yi tsada, 'yan sanda na duka,
Maƙwabci ya faɗa ƙwaya, ba mai ɗaga shi.

Berry Gordy, mai kamfanin Motown, ya ƙi faifan farko,
Marvin ya ajiye aiki har sai da aka sake shi.

Waƙoƙin a ɗinke suke, wata na shiga wata,
Ba ya tsallakuwa, sai dai ka bi shi.

Murya biyu yake yi, ta sama da ta ƙasa,
Shi ke kira, shi ne kuma ɗan amshi.

Ina da ƙane soja, ya yi arewa maso gabas,
Ya dawo da ƙafarsa, mun gode wa Wanda ya tsare shi.

Amma yakan zauna a dakali har la'asar,
Shayi ya huce a gabansa, ya manta da shi.

In ƙofa ta bugu da ƙarfi sai ya zabura,
Inna ta shige ɗaki, kada kukanta ya ishe shi.

Na sa masa waƙa ta biyu, ban ce komai ba,
Wadda sojan ke tambayar abin da ya wuce shi.

Ya sunkuyar da kai har ta kai ƙarshe,
Ya ce, "Yaya, mayar da ita farko." Na mayar mishi.

Auta, a nan kam ina bayanka,
Kalmar ce ta isa inda muka kasa isa gare shi.

Direban Tirela, daga kan hanya

Baitina gajere ne, ku yi haƙuri 'yan uwana,
Tsakanin Kano da Legas nake, dare da rana.
Don Williams na saba ji a rediyon babana,
Johnny Cash kuwa sai yanzu muka gana.
Janairun 1968 ya shiga Folsom, gidan fursuna,
A Kalifoniya, ɗaurarru suka cika zaure suka zauna.
Kana jin tafinsu, kana jin gandiroba na magana,
Yana kiran mutum da lamba haɗe da suna.
Waƙar rufewa Glen Sherley ya rubuta, shi ma fursuna,
Yana sahun gaba aka rera ta a wannan rana.
Muryar Cash ba zaƙi, kauri ne da ƙuna,
Ita ta raka ni daga Jebba har Kaduna.

Autan Zaure

Malam, na ji batun kakaki da algaita,
Amma kirarin da suke busawa ba sabo ba.

Kalma ce aka ɓoye a cikin bututu,
Da ba mu san ta ba, da ba mu tsumu ba.

Na je na ɗauko Pink Floyd na 1973,
The Dark Side of the Moon, ban yi ƙasa a gwiwa ba.

Bugun zuciya ne ya buɗe faifan,
Agogai suka kaɗa a tare, ban shirya ba.

Sai wata mata, Clare Torry, ta ɗauki kuka,
Ba ta furta abin da za a rubuta ba.

Ta hau, ta tsage, ta sauko tana shessheƙa,
Tsigar jikina ba ta kwanta da wuri ba.

To ka gani, Malam, ko da babu kalma,
Maƙogwaron ɗan Adam ne, ba ƙarfe ba.

Ina nan kan bakana game da ƙahon Miles,
Ina girmama shi, amma bai kira ni ba.

Baffa Mai Garmaho

Auta, riƙe ra'ayinka, ba na yi maka dole,
Malama, Allah ya ba ƙaninki warkewa.

Wani abu ne ya tsaya mini da na ji ku,
Kowa da sunan makaɗi yake tahowa.

An san mai ganga, an san mai fiyano,
An san wata da shekarar naɗawa.

Domin a bayan kwalin faifai an rubuta,
Mai so ya duba, ba sai da tambayawa.

Hoto da jerin waƙa kawai nake samu
In na sayi kaset ɗin Shata a kasuwa.

Wa ya riƙe kalangu a Bakandamiya?
Wace rana ce, wane gari aka yi ɗaukawa?

Wa ya riƙe kotso a bayan Narambaɗa?
Wa ke jan amshi in Ɗanƙwairo na rerawa?

Shata ya rasu 1999, Allah ya ji ƙansa,
Tsofaffin da suka san makaɗansa su ma suna wucewa.

Duk mai kaka ko kawu da ya zauna da su,
Ya ɗauki biro ya je, tun ana tunawa.

Ga rabon mako mai zuwa. 'Yar Damagaram, Talking Timbuktu na Ali Farka Touré da Ry Cooder, 1994. Malama, waƙoƙin Mughal-e-Azam na 1960, kiɗan Naushad, muryar Lata. Ɗan Zango, Buena Vista Social Club, na dattawan Habana da aka naɗa a 1996. Malam, ka ɗauki Shahen-Shah na Nusrat Fateh Ali Khan. Direba, ka zaɓi abin da zai hana ka gyangyaɗi, Allah ya kiyaye hanya. Kai kuwa Auta, A Love Supreme na Coltrane, wanda aka naɗa a Disambar 1964. Kashi huɗu ne, kuma a ƙarshen kashin farko za ka ji muryarsa da kansa.

Autan Zaure

Na karɓa, Baffa, amma da sharaɗi,
Kai ma ba za ka tsira da zaɓin kanka ba.

Lauryn Hill ta 1998 na ɗora maka,
Rap ne da waƙa, ba irin wanda ka saba ba.

Akwai hirar 'yan makaranta tsakanin waƙoƙi,
Ita ma cikin kundin take, ban yafe maka ita ba.