Neman kalma: me za mu kira "turnout" da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamaina. Gobe da safe za a ɗauki shirina na rediyo kan zaɓen majalisun gundumomin Hong Kong na ranar 24 ga Nuwamba, 2019, wanda aka yi ana tsakiyar zanga-zangar da ta faro daga ƙin ƙudurin dokar miƙa waɗanda ake tuhuma ga babban yankin Sin. Kalmar "turnout" ce ta tsaya mini. Mutum wajen miliyan 2.94 suka kaɗa ƙuri'a cikin kimanin miliyan 4.1 masu rajista, wato kashi 71 cikin 100, alhali a 2015 kashi 47 ne. Ina neman gajeriyar kalma da mai karanta labarai zai maimaita ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

Ɗan Jarida: Wa alaikumus salam. Fitar ɗango. Kowa ya san ta, kuma abin da ya faru ke nan: tun da sassafe layi ya miƙe a rumfunan zaɓe, masu rajin dimokuraɗiyya suka kwashe majalisu 17 cikin 18.

Hajiya Edita: A'a ƙanena. Fitar ɗango ta riga ta yanke hukunci cewa an fito da yawa. A zaɓen Disamba 2023, bayan an rage kujerun da jama'a ke zaɓa kai tsaye zuwa 88 cikin 470, kashi 27.5 kacal suka fito. To nan za ka ce fitar ɗango ta yi ƙasa? Dole kalmar ta ɗauki yawa, ta ɗauki ƙaranci. Ni dai: kason fitowar masu zaɓe.

Ɗan Jarida: "Yawan masu kaɗa ƙuri'a" fa?

Hajiya Edita: Wannan adadi ne, miliyan kaza. Labarin kuwa a kaso yake. Ɓangaren gwamnati ya sha cewa akwai rinjayen masu shiru da ba sa tare da 'yan zanga-zanga. Kashi 71 ɗin nan ne ya ba su amsa, shi ya sa dole mai sauraro ya ji daga nawa aka samu nawa.

Tsohon Malami: Kalma huɗu a madadin ɗaya, wannan bayani ne, ba suna ba. Na daɗe ina ba ɗalibaina shawarar "fitayya". Fitayya ta kai kashi 71. Fitayya ta faɗi. Ga ta gajera, ga ta da jinin Hausa.

Mai Fassara: Allah ya gafarta Malam, ta yi daɗi a kunne, sai dai ina tsoron mai sauraro zai ji ta kamar soyayya, ƙiyayya, jayayya, wato abin da ake yi wa juna.

Tsohon Malami: Sayayya fa, 'yata? Wa ake saye da juna? Tsoron sabuwar kalma shi ya bar mu muna jan jela. Duba ma abin da kuke rubutawa, "dimokuraɗiyya", harshe har ya karye. Me ya hana mulkin farar hula?

Hajiya Edita: Malam, da girmanka, farar hula kishiyar soja ce. Ba soja ke mulkin Hong Kong ba. Carrie Lam, shugabar yankin a lokacin, farar hula ce, amma kwamitin mutum 1,200 ne ya zaɓe ta a 2017, kuma ɗaya daga cikin buƙatu biyar na masu zanga-zanga shi ne kowa ya zaɓi shugaban yankin da hannunsa. In muka ce suna neman mulkin farar hula mun ɓatar da mai sauraro.

Ɗan Damagaram: Ni abin da ke damuna, kullum a Kano ko Kaduna ake yanke kalma, sai mu a ce mu bi. Mu daga Faransanci muke fassarowa, kuma nasu lafazin da kaso a cikinsa yake zuwa. Da an tambaye mu, da tuni an huta.

Ɗan Jarida: Ba wanda ya hana ku magana, yallaɓai. Amma masu sauraro sun fi yawa a wannan ɓangaren, dole a duba kunnensu.

Ɗan Damagaram: Yawa ba shi ne asali ba.

Tsohon Malami: Gaskiyarka. Kuma gidajen rediyon ƙetare sun mayar da kansu alƙalan harshenmu. Abin da suka faɗa yau, gobe ya zama doka, malaman da suka ƙare rayuwarsu a kan nahawu ba a ko waiwaye su. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai.

Mai Fassara: Malamaina, don Allah mu dawo, dare na yi. Ga yadda na tsara: "Kason fitowar masu zaɓe ya kai 71 cikin 100, mafi girma a tarihin zaɓukan yankin zuwa lokacin." Daga nan sai in riƙa cewa "fitowar" kawai. Fitar ɗango zan sa ta sau ɗaya, inda nake bayanin layukan safiyar ranar.

Hajiya Edita: Ya yi. Ki ƙara jimla ɗaya cewa aikin majalisun nan ba da shawara ne kan hanyoyin bas, shara da wuraren shaƙatawa, don a gane cewa ba don ƙarfin kujerar aka yi wannan tururuwa ba.

Ɗan Damagaram: Na yarda da kason. Amma "gunduma" ma akwai magana, kada a ɗauka ƙaramar hukuma ce mai ikon zartarwa.

Tsohon Malami: Ki yi amfani da taku tunda lokaci ya ƙure. Ban janye fitayya ba, a aji ita zan ci gaba da koyarwa.

Mai Fassara: Na gode, Allah ya saka da alheri. Maganar gunduma sai bayan an ɗauki shirin.